Neman shawara: an mayar da sashenmu hawa na uku, ni kuma a keke nake

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a Abuja, kuma tun ina ƙarama cutar shan inna ta taɓa mini ƙafafu, don haka da keken guragu nake zirga-zirga. Wata huɗu ke nan da aka mayar da sashenmu hawa na uku, alhali na'urar hawa bene ta lalace tun bara. Sai aka ajiye mini tebur a ƙasa kusa da masu gadi, ana taro a sama ba ni, ga jarrabawar ƙarin girma ta ƙarato. Ina tsoron in rubuta koke a ce na cika ƙorafi. Me kuke gani?

Wani dattijo, tsohon ma'aikaci:
'Yata, haƙƙinki ne, ba alfarma ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, kuma wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ki rubuta ta hannun shugaban sashenku kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Kada ki fara da jarida ko Facebook, domin da wannan za a kama ki.

Wata 'yar'uwa daga Jos:
Na yarda da Baba, amma a takardar ki nemi abin da za a iya yi gobe: a riƙa yin taron a ƙasa kafin a gyara na'urar. Idan aka yi shiru, ki kai maganar Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, nan Abuja. Ayuba Gufwan, ɗan Filato da aka naɗa ya shugabance ta a 2024, shi ma shan inna ce ta same shi, ya kuma daɗe yana ƙera wa mutane kekunan guragu a Jos.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, na gode, Yaya. Ranar Litinin zan miƙa takardar, in sha Allah. Shin in ambaci jarrabawar a ciki, ko in ware mata takarda daban?