Sayen rumfar jiran bas a ba kamfani haya: kasuwanci ne ko tarko?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum. Masana, ina neman bayani kan tsarin da kamfani zai sayar maka da rumfar jiran bas, ya karɓe ta haya yana biyan ka duk wata, bayan shekara biyar ya saye ta a farashin farko. Daga ina ribar take fitowa?

Malam Akanta:
Wa alaikumus salam. Rumfa ba ta da hanyar kawo kuɗi sai allon talla da ke jikinta. Daga kuɗin tallan za a cire kason hukumar gari, wutar allo, shara, gyaran gilashin da aka fasa, da ladan masu nemo talla. Abin da ya saura shi ne haƙiƙanin ribar. Idan hayar da aka yi maka alkawari ta fi wannan, to kuɗin sabbin masu saye ake ba ka, kuma ranar da suka daina zuwa biya ya tsaya. Haka ta faru da Metro Display Advertising a Kalifoniya: dala 10,000 kowace rumfa, an sayar da fiye da waɗanda aka gina, kamfanin ya durƙushe a 1992.

Hajiya Lauya:
Ƙanena, duba wa ke riƙe da izinin wurin. Gefen titi na gwamnati ne, izini kuma da sunan kamfani yake fitowa. Idan kamfani ya durƙushe, abin da ka mallaka ƙarfe ne da rufi a filin da ba naka ba. Kafin ka biya ko sisi, nemi lambar rumfar da sunan titi, ka je ka gani da idonka. Nemi kwafin izini da ranar ƙarewarsa, sai asusun shekara da mai binciken kuɗi ya sa wa hannu, wanda ya raba kuɗin talla da kuɗin sayar da rumfuna. A Amurka, kotun ƙoli ta yanke a 2004, kan irin wannan tsari na wayoyin tarho na kan titi da ake biya a yi kira (kusan dala 7,000 kowace, haya dala 82 a wata), cewa zuba jari ne ko da ribar ƙayyadajjiya ce. In a Najeriya aka tallata maka, tambayi rajistarsu da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari. Takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba ta isa ba.

Abu Safiyya:
A ƙara da wannan: sharaɗin mayar da rumfa a kuɗin farko, ga riba tabbatacciya, ya sa cinikin ya yi kama da bashi da ruwa. A kai wa malamin fiƙihu takardar yarjejeniyar kanta ya karanta, kada a tsaya kan bayanin dillali.