A agaza: me za a kira tortilla da taco da Hausa? Gobe da safe nake da shiri

Uwargidan Rediyo: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah a agaza min, gobe Asabar ƙarfe 10 na safe nake da shirin girke-girke kuma wannan makon abincin Meksiko muka ɗauko, tunda na ga tun 2010 UNESCO ta saka girkinsu na gargajiya cikin kayan gadon duniya na ce bari mu leƙa tukunyarsu. Yayana da ke Houston ya turo min bayani har da hotuna amma kalma uku sun tsaya min a maƙogwaro: tortilla, taco, sai wata wai nixtamal. Masu saurarona yawanci mata ne a gida, wasu a ƙauye, in na ce tortilla na wuce wata sai ta ɗauka sunan miya ne. Kafin 9 na daren nan nake so na miƙa rubutun.

Ɗan Jakara: Wa'alaikissalam Hajiya. Gurasa ce. Gurasar masara. An gama.

Baƙon Texas: Auta ashe nan kika kawo ƙarata hhh. To Ɗan Jakara ba a gama ba. Da farko dai tortiya suke cewa, lam biyun nan kamar "ya" ake furta su. Akwai wani ɗan shago kusa da inda nake aiki, tebura huɗu ne kacal da kujerun roba, wata dattijuwa ce ke yi a gabanka, ta gutsiro ƙullu kamar girman ƙwan kaza ta sa a wani ƙarfe mai marfi ta danne sai ya fito fale-fale daidai tafin hannu, ta ɗora a kasko shimfiɗaɗɗe ba mai ko ɗigo, ta juya ta sake juyawa sai ka ga ya kumbura kamar an hura masa iska, duka-duka bai fi minti biyu ba. Ba yis, ba sukari. Gurasa kuwa alkama ce mai yis, tana da kauri, a jikin tanderu ake manna ta. Taco shi ne in an ɗauki tortiyar nan, yawanci biyu a haɗe, a zuba nama yankakke da albasa da wani ganye mai ƙamshi, a matsa lemon tsami a sa yaji mai ruwa, ka ninke ka kai baki. Loma uku ka gama, shi ya sa ba mai sayen ɗaya.

'Yar Bauchi: Ni a hoton da na gani an rubuta "masa" a jikin buhun garin. Ashe har can masarmu ta kai 😂

Baƙon Texas: Ni ma ranar farko na yi murna. Masa a Sifaniyanci ƙullu ne kawai, ba ruwanta da tanda. Auta ki kiyaye wannan, kar ki ce "masa" a rediyo a kwana ana jiƙa shinkafa.

Malam Nahawu: Assalamu alaikum. Abin da nake ta faɗa kenan shekara da shekaru, duk abin da ya zo sai mu haɗiye da sunansa kamar harshenmu bakarare ne. Hausa tana da hanyar ƙirar suna daga aikatau. Abin da ake ninkewa a ci: NINKAU. Shi ne taco. Babban nan da ake naɗewa ruf, burrito, NAƊAU. Ita kuwa tortilla a duba siffarta, da'ira ce shimfiɗaɗɗiya mara kauri, me muke da shi haka a ɗakin kowace mace? Faifai. Don haka FAIFAN MASARA. Na sha ba ɗalibaina irin wannan aiki.

Ɗan Jakara: Allah gafarta Malam, ninkau kamar sunan ɗan dambe. "Ninkau na Bakin Kasuwa, kashe mutum ba ka tsaya jana'iza ba" 😂

'Yar Bauchi: Faifan masara ya min daɗi gaskiya. Amma in ta ce "a gasa faifai a ci" fa? Kuma yaran yanzu faifai a wajensu bidiyo ne.

Malam Nahawu: Ninkau ba abin dariya ba ne. Da aka fara cewa jirgin sama ma an yi dariya.

Na Damagaram: Wa ya shaida an yi dariya Malam, kana wajen? Ni tambayata ɗaya, shawarma shekara nawa muna cinta daga Kano har Yamai, wa ya canza mata suna? Burodi fa? Taliya da kuke ji kamar kakarku ce ta haife ta sunan Italiya ne a jikinta. Ita kanta gurasar da Ɗan Jakara ke ɗaga hanci da ita Larabawa suka zo muku da ita da sunanta. Ku Kanawa komai in ya kwana biyu a Kurmi sai ku ce naku ne.

Ɗan Jakara: Ka zo Jakara da asuba ka ga layin tanderu kafin ka yi magana. Bandashe ma Larabawa ne suka koya mana ko? Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa? Ku da kuka zo yaƙi ba ku shiga gari ba hhh

Na Damagaram: Mun dai zo har ƙofa, kuna ciki kuna cin gurasa.

Uwargidan Rediyo: Jama'a bakwai ta wuce fa, dan Allah a bar yaƙin Damagaram.

Bahaushiyar Gadarif: Mu nan Sudan muna da guda biyu, gurrasa ta alkama mai kauri da kisra ta dawa siririya kamar takarda. Abin da Yaya na Texas ya siffanta ya fi kusa da kisra, sai dai kisra ƙullun ruwa-ruwa ne mai tsami ana shafa shi a kan kasko, ita kuma wannan na ji ana dunƙulawa. Amma na san ba kowa ya san kisra a Najeriya ba.

Malam Nahawu: To kun gani, gurasa ba ta zauna ba, kisra ba ta zauna ba, sinasir ma ba zai zauna ba tunda shinkafa ce. Saura faifan masara da ninkau.

Baƙon Texas: Malam ni matsalata da ninkau, duk wadda ta ji a rediyo ta ɗauki waya ta nema ba abin da zai fito mata. In ta rubuta taco kuwa bidiyo dubu. Kuma tako ai ya hau harshe, ya tako ya ci tako ya koma. Auta wani abu mafi muhimmanci da duk sunayen nan, ki faɗa musu ba kowane tako Musulmi zai ci ba. Wanda suka fi ji da shi, al pastor, a tsaye yake juyawa a jikin ƙarfe sak shawarma, don asalinsa ma kwarori 'yan Labanan ne suka kai dabarar garin Puebla, amma naman alade ne. Carnitas ma alade ne. Waken da suke damawa su soya da kuma tortiyar fulawa sau da yawa da kitsen alade ake yi, manteca suke ce masa, kalmar da na fara haddacewa kenan. Akwai na saniya, na harshe, na hanji, akwai birria ta jihar Jalisco da asalinta naman akuya ne, zancen yanka kuma wannan kowa ya tambayi malaminsa. Ni na kifi nake ci in ban yarda da wuri ba.

Malam Nahawu: Wato yanzu sai abin da Google ya sani ne Hausa. Inna lillahi.

Na Damagaram: Malam ai ko ninkau ɗin aka karɓa, ku 'yan jami'ar Najeriya ne za ku zauna ku yanke ba ku tambaye mu ba, kamar kullum. Daidaitacciyar Hausa wai, a ce Kananci kawai a huta.

Nas ɗin Azare: Ku yi haƙuri na katse ku, kowa ya manta da ta ukun kuma ita ce mai amfani. Nixtamal masara ce busasshiya da ake tafasawa da ruwan toka ko wani farin gari mai kaifi da ake samu daga ƙonannen dutse, a bar ta ta kwana a ciki, da safe a murje a wanke, ɓawon ya fita, a niƙa ta da danshinta. Kalmar ma ba Sifaniyanci ba ce, daga yaren Nahuwatil na Aztek, mutanen Meksiko na asali, ta fito kuma farkonta toka yake nufi. Wannan aikin ne ke sa ƙullun ya kama jikinsa har a ninke bai karye ba, ki gwada da garin tuwonmu ki gani, rugurgujewa zai yi. Sannan yana sakin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin masara. Turawa da suka kwashi masara zuwa ƙasashensu ba su kwashi dabarar ba, talakawan arewacin Italiya da jihohin kudu na ƙasar Amurka da suka dogara da ita suka yi ta fama da cutar felagira, fata ta yi baƙi ta tsage duk inda rana ke duka, ga gudawa ga ruɗewa.

'Yar Bauchi: To ai kanwa ce kenan, masara mai kanwa.

Nas ɗin Azare: Dangi ne amma ba ita ba ce Anti. Kuma kar a ce farar ƙasa a rediyo, wata sai ta kankaro ta bango.

Bahaushiyar Gadarif: Tunda cire ɓawo ne ai surfe ne, sai dai ba turmi. Kakata ruwan toka take tacewa ta sa a miya in ba kanwa, kowace mace ta san shi. A ce surfen toka.

Malam Nahawu: Surfen toka. Hmm. Wannan ya yi, ba ni da ja. Kun ga ashe ana iyawa in an so.

Ɗan Jakara: Wai masarar ma daga can ta fito? Ni na ɗauka Masar.

Nas ɗin Azare: Sunan ne kawai ya biyo ta Masar. Kudancin Meksiko aka fara nomanta, wajen shekara 9,000. Tumatir ma sunansa daga yaren nan na Aztek yake.

Baƙon Texas: Mu ma muna ramawa. Jan ruwan da suke sayarwa a manyan kwalabe a kowane shago, hamaika suke kiransa, na kurɓa na ajiye kofi na yi ta dariya, zoɓo ne wallahi, sai dai ba citta ba kanumfari. Kuma da yawansa daga Jigawa da Kano ake loda musu.

Uwargidan Rediyo: Tara saura kwata, na yanke. Zan ce tortiya, karon farko na ƙara da "wata siririyar gurasar masara da ake gasawa ba mai", daga nan tortiya kawai. Tako zai zauna tako. Nixtamal surfen toka, na gode 'yar uwa ta Gadarif. Malam ka yi haƙuri, zan ambaci cewa wani malaminmu ya ba da shawarar ninkau, masu sauraro su zaɓa.

Malam Nahawu: Ba komai Hajiya. Gurasar dai kuskure ce kuma na faɗa. Ni a ajina ninkau ne.

Ɗan Jakara: Gurasa ta shiga rediyo, alhamdulillah.

Na Damagaram: Da "siririya" a gabanta.

Uwargidan Rediyo: An yi shiri lafiya, na gode kowa. Kira shida aka yi. Wata ta ce ta jiƙa masara da toka za ta kira mako mai zuwa, wani dattijo ya ce ninkau ya fi daɗi a kunne, Malam na isar maka. Sauran huɗun duk tambayar ta yaya za su kai zoɓonsu Meksiko suke yi, Yaya sai ka shirya don na ce zan tambaye ka.