Daga zanen katin biki zuwa tsara manhajar da makaho zai iya amfani da ita

Mai Katin Biki:
Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina zanen katin biki da fostar 'yan siyasa da CorelDRAW a Zariya. Kawuna ne ya sa ni wannan tunani. Ciwon suga ya tafi da idonsa, yanzu TalkBack ke karanta masa waya. Rannan zai tura wa 'yarsa kuɗi ta manhajar wani banki, duk inda ya ɗora yatsa sai wayar ta ce "maɓalli", ba ta faɗin na mene ne. Ƙarshenta sai da ya miƙo mini wayar, ya raɗa mini lambar sirrinsa. Mutumin da 'yan kasuwa ke ba ajiyar kuɗi a da! Shekarata 36, ga iyali. Ta ina zan fara koyon tsara manhajar da makaho zai iya amfani da ita?

Yaya Babba:
Wa'alaikumus salam. Kada ka rufe shago tukuna. Figma, manhajar zana fasalin manhajoji, ba za ta ba ka wuya ba, hannunka ya riga ya faɗa. Aikin yana wajen WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da yanar gizo, waɗanda W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar, na 2.2 ya fito a Oktoban 2023, kuma kyauta ne. Nan za ka ga ruwan gwal a kan fari da amare ke so ba shi da wuri: bambancin hasken ƙananan rubutu da bangonsa sai ya kai 4.5 da 1, wato ninki huɗu da rabi. Ka ɗan koyi HTML ma, yaren rubuta shafukan yanar gizo. Maɓallin nan na Kawu, suna ne kawai ba a raɗa masa ba.

Malama:
Ni makauniya ce, da NVDA, manhajar da ke karanta mini allon kwamfuta, nake rubuta wannan. Ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin wani kwas, kunna TalkBack, rufe ido, ka sayi katin waya. Amma kada ka ɗauka ka gane halinmu ke nan. Saurin muryar da muke saurare, kai ba za ka tsinci kalma ɗaya ba. Zauna da Kawu, ka yi shiru, ka ga inda yake maƙalewa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, akwai kurame da masu rawar hannu.

Ɗan Gwangwan:
Maganar kuɗi fa? An sa hannu a dokar masu buƙata ta musamman a Najeriya tun Janairun 2019, amma ni ban cika ganin tallan irin wannan aiki a gida ba. A Tarayyar Turai dokarsu ta sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da kayayyaki da ayyuka ta fara aiki 28 ga Yunin 2025, can za ka leƙa.

Mai Katin Biki:
Na gode ƙwarai. Malama, na gwada jiya da dare. Minti ashirin ban sayi katin ba, sai ma na kira surukata cikin kuskure. Kawu har da hawaye don dariya.