Shogi, darar Japan: ta ina sabon shiga zai fara?

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah akwai wanda ya iya shogi a nan, darar nan ta Japanawa? Ni dai ina ɗan taɓa ces, wato chess, ba laifi, shine nace bari in leƙa wannan ma tunda ance 'yan uwan juna ne, na buɗe manhajar lishogi a waya sai kawai na tarar 'ya'yan duk kala ɗaya siffa ɗaya, babu fari babu baƙi, kowanne da rubutun Japan a jikinsa, wlh ko nawa da na abokin wasa ban iya rabewa ba. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, kwamfuta ta cinye min soja, can anjima sai ga sojan ya dawo kan allo ya zama nata, a tsakiyar gidana ma ta dire shi. Wai haka dokar take ko manhajar ce ta samu matsala? Sannan dole ne sai mutum ya haddace rubutun nan kafin ya fara wasa? Wanda ya sani ya taimaka min da bayani dalla-dalla irin na ɗan koyo, nagode.

Malam_Sani_Zariya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Manhaja lafiyarta ƙalau, haka wasan yake, amma bari in fara maka da 'ya'yan tukuna.

Allon gida 9 ne a tsaye 9 a kwance, gida 81 kenan, kowa yana farawa da 'ya'ya 20. Maganar rabe naka da na abokin wasa kuwa mai sauƙi ce, duba tsinin, kowane ɗa yana da ɗan tsini a kansa, wanda tsininsa ya kalli can gaba naka ne, wanda ya kallo ka nasa ne. Kuma da gangan aka yi su kala ɗaya, tunda ɗa yana canza ubangida a tsakiyar wasa kaga ba zai yiwu a shafa masa fenti ba.

Sahun baya daga gefe zuwa tsakiya: mashi, doki, azurfa, zinare, sai sarki a tsakiya, ɗaya ɓangaren ma haka. Sahu na biyu mutum biyu ne kacal, kaku a hagunka, hisha a damanka. Sahu na uku sojoji 9. Babu sarauniya a wasan nan, ka cire ta daga ranka.

Sarki, hisha da kaku ka riga ka san su, tafiyarsu ɗaya da sarki da ruk da bishof na ces. Sauran ne za ka yi hattara. Soja, wato fu, taku ɗaya gaba, kuma gaban nan dai yake ci ba ta kusurwa ba, babu kuma tsallen gida biyu a farko. Mashi, kyosha, yana zurawa gaba iya son ransa in hanya a buɗe take amma baya dawowa. Doki, keima, gida biyu gaba ɗaya gefe, yana tsallake na gabansa, sai dai wuri biyu kawai yake iya sauka, ba ya baya ba ya gefe, ba irin dokin ces mai wuri takwas ba.

Inda sabon shiga yake shan wahala shine zinare da azurfa, wato kin da gin a Japananci. Zinare taku ɗaya ne ta fuska shida: gaba, kusurwoyin gaba biyu, dama, hagu, da baya a miƙe, abin da baya iyawa kawai kusurwoyin baya. Azurfa fuska biyar: gaba da kusurwoyi huɗu, ba ta gefe ba ta baya a miƙe. Shi ya sa za ka ga azurfa ce ake turawa yaƙi don tana iya sulalewa tsakanin sojoji ta dawo ta kusurwa, shi kuwa zinare in ya hau sama saukowa wuya take masa, sai a bar shi gadin sarki. In ka riƙe waɗannan biyun ka ci rabin aikin.

Sai ƙarin girma. Sahu uku na ƙarshe, wato gidan abokin wasa, duk ɗan da ya shiga ko ya motsa a ciki ko ya fito daga ciki kana da damar kifa shi, bayan nasa akwai wani rubutun, a manhaja yawanci ja ne. Soja, mashi, doki da azurfa duk tafiyar zinare suke komawa. Hisha ya zama ryu, ya ƙaru da taku ɗaya ta kusurwa, kaku ya zama uma, ya ƙaru da taku ɗaya a miƙe. Sarki da zinare ba sa canzawa.

Maman_Hanif ta rubuta:

Malam Sani Allah ya saka da alheri, bari in ɗora daga inda ka tsaya. Ƙanena abin nan da kwamfuta ta yi maka shine zuciyar shogi gaba ɗaya. Duk ɗan da ka ci ba mutuwa ya yi ba, ya dawo hannunka, in layinka ya zo ko ka motsa wanda ke kan allo ko ka ɗauko ɗaya daga hannu ka dire shi a duk gidan da babu kowa. Yana sauka ne a asalinsa, ko da ryu ka ci to hisha zai dawo, kuma ko cikin gidan abokin wasa ka ajiye shi baya ƙarin girma nan take sai ya motsa.

Dokokin da ke kai ba yawa. Ba a ajiye soja a layin tsaye da kake da wani sojan naka wanda bai ƙara girma ba, sunan laifin nifu, kuma a gasa ba gyara ake cewa ka yi ba, ka faɗi kenan, har ƙwararru an taɓa kamawa da shi a gasar NHK da ake haskawa a talabijin. A manhaja dai kawai za ta ƙi karɓa. Na biyu ba a kashe sarki da sojan da aka ajiye daga hannu, za ka iya yi masa barazana da shi in yana da mafita, kuma in sojan da ke kan allo ne ka tura ya gama wasan babu laifi. Na uku ba a ajiye ɗa inda ba zai ƙara motsi ba, soja da mashi a sahun ƙarshe, doki a sahu biyu na ƙarshe, in kuma da ƙafarsu suka isa can to ƙarin girman ya zama dole.

Kai da ka fito daga ces ka kula da musaya. A ces in kun yi musaya allo yana raguwa ne a huta, a nan kuwa duk abin da ka bayar zai dawo maka a ka, shi ya sa canjaras ba ta da yawa. Kullum kafin ka taka ka leƙa abin da ke hannun mutumin, zinare ɗaya a hannunsa in ya dire shi daidai goshin sarkinka da wani yana tsare masa baya, sarki kuma yana sahun ƙarshe, shikenan an tashi.

Maganar rubutu kuwa ni shawarata kar ka wahalar da kanka yanzu, ka shiga saitin lishogi ka canza 'ya'yan zuwa masu hoto. Yarana da dobutsu shogi suka fara, ƙaramin allo ne gida 3 da 4, zaki da giwa da raƙumin dawa da ɗan tsako, an ɗiga musu alama a jiki inda kowa ke zuwa, a nan suka gane dokar ajiyewa tun kafin su ga babban allo. Shi kansa Fujii Sota da ya zama ƙwararre yana shekara 14 a 2016, ya kuma haɗe kambu takwas gaba ɗaya a 2023, da allon yara mai kibiyoyi a jikin 'ya'yan ya fara yana shekara 5.

Baffa_a_Sendai ya rubuta:

Hajiya ki yi haƙuri a nan kam zan ɗan saɓa miki. Allon yaran da kika ambata kibiyoyin suna tare da rubutun ne, yaro yana wasa idonsa yana sabawa da shi, amma masu hoto zalla in mutum ya saba dasu ranar da zai buɗe bidiyon wasan ƙwararru ko littafi ko ya zauna gaban allon katako sai ya koma sabon shiga. Kuma fa guda nawa ne? Takwas ne, da na baya shida. Ga su: 歩 soja, 香 mashi, 桂 doki, 銀 azurfa, 金 zinare, 角 kaku, 飛 hisha, sarki kuma 王 ko 玉. Ba karantawa za ka yi ba, gane fuska ne kawai. Zinare kamar rufin ɗaki ne a samansa, azurfa tana ɗauke da wannan zinaren a hagunta da ƙari a dama. Sojan da ya ƙara girma と ne, tokin, shi yafi kowa sauƙin ganewa. Girman ɗan ma yana taimakawa, soja ne ƙarami sarki ne babba. Ka zaɓi saitin harafi ɗaya ba mai biyu ba.

Nan kusa damu a Yamagata akwai garin Tendo, su ne suka shahara da sassaƙa 'ya'yan shogi, duk watan Afrilu lokacin furen sakura suna yin wasa da mutane sanye da kayan yaƙin da a matsayin 'ya'ya, ƙwararru biyu suna bada umarni, abin kallo ne sosai. Wani abu kuma da zai burge ka in ka zauna da dattawan nan, ana farawa da sunkuyawa ace onegaishimasu, wanda ya ga ba mafita da bakinsa zai ce makemashita wato na faɗi, daga nan su biyun su mayar da 'ya'yan baya su bi wasan tare suna nuna wa juna inda aka kuskure, wani lokaci bitar tafi wasan daɗewa. A nan na fi ƙaruwa gaskiya, fiye da duk bidiyon da na kalla.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na saka masu harafi ɗayan kamar yadda Baffa yace, Anti ki yafe ni haha, amma zan nema wa ƙannena na dabbobin. Tambaya ɗaya ta rage, manhajar tana tambayata in ƙara girma ko a'a, to wai akwai dalilin da zai sa mutum ya ƙi? Sannan da wane buɗi zan fara?

Malam_Sani_Zariya ya rubuta:

Soja, hisha da kaku kusan kullum ka karɓa, babu abin da ka rasa. Azurfa ce abin tunani, in ta zama zinare ta rasa kusurwoyin baya, wani lokaci kuma ta nan ne kaɗai za ta tsere ko ta ci wani abu. Doki ma in ka bar shi yadda yake zai iya yin tsalle ya kama biyu lokaci guda, in ka kifa shi tsallen ya tafi. Kuma in ka kifa ba a mayarwa sai dai in an ci shi. Tunda an zo kan doki, kar ka yi saurin tura shi gaba, gidan da ke gabansa baya iya karewa, soja ɗaya za a ajiye masa a goshi a cinye, Japanawa har karin magana gare su akan haka.

Buɗi kuwa ka fara da bogin in kana son kai hari, hisha yana nan inda yake a dama, ka tura sojan gabansa, azurfar dama ta bi ta hau, su uku su taru akan kaku na abokin wasa don shima gabansa baya iya karewa. In kafi son natsuwa ka kai hisha layi na huɗu daga hagu, shikenbisha, sarki ya koma dama ka gina masa katangar tsaro da ake kira mino da zinare biyu da azurfa ɗaya, taku kaɗan ne ya ginu. Sannan kullum ka ɗan yi tsume, wato allon da aka shirya maka ka kashe sarki, fara da na taku 1 sai na taku 3, su ne za su koya wa idonka ajiye ɗa daga hannu. In kana so ka turo min sunanka na lishogi ta saƙo, bayan isha'i ina nan, zan cire hisha da kaku nawa mu buga.