Abin da muka tattaro kan jarrabawar IELTS

A zaman da muka yi a Ƙofar Ƙaura da wasu da suka riga suka rubuta IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci, shawarar farko ita ce ka san wacce ake nema cikin nau'o'inta biyu, General Training da Academic, kafin ka biya kuɗi. Mai neman zaman dindindin a Kanada General Training zai yi, ba Academic ba, kuma shirin ƙwararrun ma'aikata na son aƙalla maki 6 a kowane ɓangare: saurare, karatu, rubutu da magana. Sakamakon shekara 2 yake aiki, don haka kar ka yi gaggawa takardunka ba su haɗu ba.

Rubutu aka fi daɗewa ana tattaunawa. Minti 60 ne, wasiƙa mai kalma 150 da maƙala mai 250, kuma maƙalar ta ninka wasiƙar maki. Wata malama ta ce a ba maƙalar minti 40, a riƙa gwaji da agogo a gefe. A ganina gaskiyarta ce, domin da yawanmu mun iya Turancin, lokaci ne ke kayar da mu.

Saurare sau ɗaya ake kunnawa, ka saba da harshen Turawan Ingila da Ostireliya. Ranar jarrabawa ka je da fasfon da ka yi rajista da shi.