Allurar baya da ake yi da na'urar hoto, wa ya taɓa yi?

Maman Biyu: Salam 'yan'uwa. Hoton MRI ya nuna faifan bayana ya zame tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya da ake kira L5 da S1 yana danne jijiya, zafin na sauka tun daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafar hagu. Likita ya ce a min allurar sitiroyid (maganin rage kumburi) a baya, ana kallo ta eksire. Damuwata ina da suga, kuma ina shan warfarin, maganin tsinka jini. Wanda ya yi da suga don Allah ya faɗa min yadda ta kasance masa.

Direban Dare: Hajiya ki je fisiyo kawai, ni shi ya tashe ni.

Kakan Yara: 'Yata ki yi hattara. Ni an min, amma ba da wani hoto ba, lalube kawai ya yi da yatsa ya soka. Washegari ciwon kai ya kama ni irin wanda in na zauna kamar za a tsaga min kai, in na kwanta flat sai ya lafa, ko sallah a kwance nake yi, shayi ma sai da tsinke 'yata ke ba ni. Na koma aka ce allurar ta huda rigar da ke riƙe ruwan laka, ruwan na ɗiga. Sai da suka ɗebi jinina suka zuba a wurin ya toshe. Kuma ba wanda ya gaya min hakan na iya faruwa, wannan ne ya fi ƙona min rai.

Nas a Tiyata: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amfanin hoton ke nan, ana zuba wani ruwa mai fitowa a allo a ga inda magani zai bi kafin a tura shi, yana rage kuskure amma bai kawar da shi duka ba. Maman Biyu, sitiroyid na ɗaga suga na 'yan kwanaki, sai kin riƙa gwadawa akai-akai. Warfarin kuma kar ki tsayar da kanki, kar kuma a soka miki allura likitan da ya ɗora ki a kai bai sani ba, jini na iya taruwa a wurin.

Direban Dare: Nas ce fa ba likita ba.

Nas a Tiyata: Malam ni nake miƙa allurar, kai sitiyari ka riƙe 😂

Auta: Ni tawa ta yi wata 3 zafin ya dawo, kuma ba a yinta fiye da sau 3 ko 4 a shekara. Ga tsada wallahi.

Yayar Gida: Ni ban ga tsadarta ba in aka haɗa da kuɗin ƙwayoyin da nake saya kullum. Amma tawa ta gaɓoɓin bayan ce, sun fara kashe 'yar jijiyar da lidocaine, allurar kashe zafi, don gwaji, da zafin ya ɗauke sai suka ƙona ta da na'ura.

Maman Biyu: Yaya ke kina da suga?

Kakan Yara: Matsalar dai ba sa zama su yi wa mutum bayani. Takarda za a miƙo maka kana kwance ruf da ciki a ce sa hannu.

Auta: Gaskiya Baba. Ni aka rubuta min tramadol aka sallame ni, ba wanda ya ce yana kama mutum, da na zo bari na sha wahala sosai, zufa da rashin barci. Yanzu in ka je kana kuka da zafi kallon ɗan ƙwaya suke maka.