Romeo da Juliet: ina asalin labarin, kuma wa ya riga wani cikawa?

Ɗalibi, Marwa:
Assalamu alaikum malamai. 'Yan lise (makarantar sakandare) za su yi wasan Romeo da Juliet kafin hutu, gardama ta kaure a kan abu biyu. Shakespeare ne ya ƙirƙiri labarin? Sannan a kabari, wasu sun ce Juliet ta farka har sun yi bankwana kafin Romeo ya cika. Wanne ne daidai?

Malamin Adabi, Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shakespeare bai ƙirƙiri labarin ba, gadonsa ya yi. Marubucin Italiya Masuccio Salernitano ya rubuta makamancinsa, aka buga a 1476, amma labarin a birnin Siena yake, da wasu sunaye. Luigi da Porto ne ya mai da shi Verona, ya raɗa wa masoyan Romeo da Giulietta. Bandello ya sake rubuta shi a 1554, Boaistuau ya juya shi zuwa Faransanci a 1559, Arthur Brooke kuma ya mai da shi doguwar waƙa ta Ingilishi a 1562. Wannan waƙar Shakespeare ya ɗauka, aka fara buga wasansa a 1597.

Gwanintarsa a matse lokaci take. A wurin Brooke labarin ya ɗauki wajen wata 9, shi kuwa ya tattara shi daga Lahadi zuwa Alhamis. Ya kuma rage shekarun Juliet daga 16, ta koma ba ta cika 14 ba. Babu wanda ya samu sararin yin tunani, gaggawar ce ta ci su.

Malamar Wasan Kwaikwayo, Gaundare:
Ɗana, masu cewa sun yi bankwana ba su yi ƙarya ba, sai dai ba a rubutun Shakespeare ba. Haka yake a wurin da Porto da Bandello, kuma ɗan wasan Ingila David Garrick ya dawo da shi dandali a 1748. A wurin Shakespeare, Romeo ya riga ya mutu kafin Juliet ta buɗe ido.

Ku lura da yadda abin ya lalace. Maganin da Fada Laurence ya ba ta na sa barci mai kama da mutuwa na awa 42. Wasiƙar da za ta sanar da Romeo wannan shiri a Mantua, inda yake gudun hijira, ba ta isa ba, domin an kulle Fada John, mai ɗauke da ita, a gida bisa zargin annoba. Balthasar, baran Romeo, ya riga kowa kai masa labarin cewa Juliet ta mutu. Romeo ya sayi guba a kan ducat (kuɗin zinariya) 40, ya kashe Paris, wanda iyayenta suka so ta aura, a bakin kabari, ya sha gubar. Ta farka, ta tarar babu ko ɗigo a ƙoƙon, sai ta caka wa kanta wuƙarsa.

Don Allah kada ku yanke fitowar Fada John don rage tsawo. In kun cire ta, 'yan kallo za su ɗauka Laurence sakaci ya yi.

Malamin Adabi, Garwa:
Gaskiyarki Malama. Kuma mai fitowa a Juliet kada ta motsa ko yatsa sai Romeo ya faɗi, Laurence ya shigo da fitila. In ta motsa da wuri, kun koma wasan Garrick.